Waƙoƙin Da: Da Wa Za Ka Fara?

A wannan makon mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauko zancen tsofaffin waƙoƙin Hausa. Da yawanmu a nan Toranke idan aka aike mu da memorin gida wajen mai tura waƙa, sai mu ce ya zuba duk abin da ake yayi. Kuɗi sun tafi, bayan wata biyu kuma an gaji da su. Ga shi a darasin Hausa ana tambayarmu makaɗan fada da makaɗan jama'a, mu haddace sunayensu alhali ko muryarsu ba mu taɓa ji ba.

A Amurka akwai wani kiɗa da ake kira jaz, wanda baƙaƙen fata suka fara a birnin New Orleans fiye da shekara 100 da suka wuce. Sabon shiga a can yawanci akan ce ya fara da faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue na 1959, don kada yawan faya-fayan ya rikita shi. Mu ma namu suna da yawa, don haka ga shawararmu.

Ka fara da Ɗanmaraya Jos. Mun san wasu malamai za su ce ai Shata ne gaba, amma ku saurari dalilinmu. Adamu Ɗanmaraya shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, abin kiɗansa kuma kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya tak. Saboda haka babu hayaniyar da za ta rufe maganarsa, kuma Hausarsa mai sauƙi ce. Ka nemi "Waƙar Karen Mota" da "Jawabin Aure". A ta biyun yana sauya murya, yanzu miji ne, an jima mata ce, kamar wasan kwaikwayo. Ya rasu a 2015.

Daga nan sai Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta jihar Katsina, wanda ya rasu a 1999. Shi kam sai an ware masa wuri mai faɗi a memori. Kiɗansa kalangu ne, wanda makaɗi ke matse tsirkiyarsa a hammata sai sautin ya hau ko ya sauka kamar maganar mutum. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne Shata ba ya zama ya rubuta waƙa. Yana tsaye a fili yake ƙirƙirar ɗiyanta, 'yan amshi suna riƙe masa gindin waƙar. Shi ya sa za ka iya samun waƙa ɗaya an ɗauke ta sau biyu amma kalmomin sun bambanta. Kada ka goge ɗaya ka ce maimaici ne! Masu jaz ma haka suke yi, suna ƙirƙira nan take. Ka fara da "Bakandamiya", inda yake wasa kansa, sannan ka nemi wadda ya yi wa kumbon Apolo 11 da ya kai mutane duniyar wata a 1969. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake ce masa Dakta.

Mata ba a bar su a baya ba. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, kiɗan ƙwarya take yi, kuma ta sha yi wa mata kirari a kan su kama sana'a. Sai dai wasu waƙoƙinta na manyan mata ne, gara ka bar mama ta zaɓa. Idan kana son kiɗa mai sanyi, ga Haruna Uji na Haɗejiya da gurminsa.

Makaɗan fada mun bar su a ƙarshe da gangan. Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa da kotso suke kiɗa, kuma Hausarsu ta Sakkwato da Zamfara ce. Bakano zai iya jin waƙa guda ya kama rabinta kawai. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya kuma yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, to ka fara da waɗannan tunda ka san waɗanda ake wa. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, kuma waƙarsa ta "Dokin Iska" sai ka zauna da littafi da biro. Duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta ka kai wa malamin Hausa.

Abu ɗaya kafin ka biya mai turawa: ka sa ya kunna maka kowace waƙa ka ji farkonta, domin sau da yawa sunan da ke kan fayil daban, mawaƙin da ke ciki daban. Idan ba ka gane muryoyin ba tukuna, ka tafi da yayanka ko kawunka. Sauraro kuma a gida ne bayan an gama aikin makaranta, kada wani ya shigo da waya aji ya ce kulob ɗin jarida ne ya sa shi.