Kalmar "Trivial" Ba Kullum Take Nufin Abin Banza Ba

Duk mai bibiyar labaran fasaha da Turanci ba zai rasa cin karo da kalmar "trivial" ba. Ma'anarta ta yau da kullum ita ce abu maras muhimmanci, wanda bai taka kara ya karya ba. Asalinta daga harshen Latin ne: "tri" uku, "via" hanya, wato mararrabar da hanyoyi uku suka haɗu. Abin da ake tsinta a irin wannan wuri kowa ya san shi, kamar hirar bakin titi, shi ya sa kalmar ta koma nufin abin da ba shi da wata daraja. 'Yar uwarta "trivia" kuwa ita ce sunan wasannin kacici-kacicin nan da suka cika Play Store.

Masu haɗa manhaja suna amfani da ita da wannan ma'anar wajen jera matsaloli. A Bugzilla da tsohon tsarin Jira, matsalar da ta tsayar da aiki gaba ɗaya ita ce "blocker", ita kuwa "trivial" tana can ƙasa: harafi ya ɓace a jikin maɓalli, ko hoto ya ɗan karkace. Wani lokaci irinta sai ta shekara ba wanda ya waiwaye ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'ana ta biyu. A bakin masana kwamfuta, kalmar tana kuma nufin abu mai sauƙin yi, wanda ba sai an sha wahala ba. Don haka idan rahoton tsaro ya ce wata kafa a manhaja "trivial to exploit" ce, ba cewa yake a kwantar da hankali ba. Cewa yake ko ɗan koyon kutse zai iya shiga ta wannan kafar. Mai wayar da ya fassara ta da "abin banza" ya ƙi sabunta manhajar don tattalin data, ya bar ƙofarsa a buɗe ke nan, alhali a wayar nan manhajar bankinsa take.

Ƙaramin kuskure ma kan zama babbar ɓarna. A watan Fabrairun 2014, Apple ya saki iOS 7.0.6 don gyara layi ɗaya tak, "goto fail", da aka maimaita sau biyu. Wannan maimaicin ya sa iPhone tana tsallake wani matakin tantance shafukan da ke da alamar kwaɗo, ta yadda wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da mutum zai iya shiga tsakaninsa da shafin ya ga abin da yake aikawa.

Akwai kuma kishiyarta, "non-trivial". Idan mai haɗa manhaja ya kira aiki da wannan suna, a sakaye yake cewa aikin zai ci lokaci, kuma kuɗinsa ba zai yi daidai da na gyaran maɓalli ba.