Masu Haya a Turakun Wasu: Dalilin da Ya Sa Ake Yawan Sauya Layi a Birtaniya

Tsakanin ƙarshen Maris da Afrilun 2023, masu layin EE a Birtaniya sun wayi gari an ƙara musu kashi 14.4 cikin ɗari a kan kuɗin da suke biya duk wata, wasu masu layin O2 kuma ƙarinsu ya kai kashi 17.3, alhali wa'adin yarjejeniyarsu bai cika ba. Sharaɗin na cikin takardar da suka sa wa hannu: za a ɗauki ma'aunin hauhawar farashi na shekara, a ɗora masa 3.9. Ga shi kuwa tsadar gas da abinci ta riga ta shaƙe magidanta. Dole mutane suka ƙara waiwayar ƙananan kamfanoni irin su giffgaff, Smarty, Voxi, iD Mobile da Lebara.

Waɗannan kamfanoni ba su da turken sabis ko ɗaya. Sari suke yi na mintuna da data daga manyan, su sayar da sunansu, tsarin da Virgin Mobile ya soma a ƙasar tun 1999. Yawancinsu ba su da hayar shaguna, kuma cinikinsu ya fi karkata ga layi zalla ba tare da waya ba, wata-wata ake biya, ranar da mutum ya ga dama ya tafi. Nan rahusar take. 'Yan Najeriya mazauna Ingila sun daɗe da sanin Lebara da Lycamobile saboda sauƙin kiran gida, tun kafin WhatsApp ya rage musu wannan kasuwa.

Tsada kaɗai ba za ta tayar da mutane ba da ƙofa na rufe. A da sai ka kira kamfaninka, a yi ta lallashinka har ka gaji ka haƙura. Daga 1 ga Yulin 2019 Ofcom, hukumar kula da harkar sadarwa, ta kawar da wannan: ka tura saƙon tes mai kalmar PAC zuwa 65075, lambar sauyi ta zo maka nan take, ka miƙa wa sabon kamfani, cikin ranar aiki guda ka koma da lambarka ta asali. A Disambar 2021 kuma aka hana sayar da wayar da aka kulle wa layi ɗaya.

Amfanin a bayyane yake, kuma ba na raina shi. Mai layin Smarty a kan turakun Three yake, mai giffgaff a kan na O2, sabis ɗin kusan ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Koke-koken jama'a kan ƙarin 2023 ma sun sa Ofcom ta tilasta wa kamfanoni, daga Janairun 2025, su rubuta duk wani ƙari da fam da kwabo tun ranar ƙulla yarjejeniya.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne wa ke da waɗannan ƙananan. giffgaff na masu O2 ne, Voxi na Vodafone, Smarty na Three. Mutum zai fice ta ƙofar gaba yana fushi, ya dawo gidan ta ƙofar baya bai sani ba. Babban kamfani ya riƙe mai neman arha da wani suna, ya ci gaba da tatsar wanda bai motsa ba, kuma waɗanda ba sa motsawa galibi tsofaffi ne da marasa sabo da intanet, domin wasu ƙananan, kamar giffgaff, ba su da lambar da za ka kira ka ji muryar mutum. Tun 2018 ƙungiyar Citizens Advice ta shigar da ƙorafi kan yadda zama da kamfani ɗaya ke jawo wa mutum biyan fiye da kima. Wannan zalunci ne a ganina, ko da doka ta yarda da shi.

Yanzu masu turakun ma sun ragu. Vodafone da Three sun haɗe a ƙarshen Mayun 2025, manyan suka koma uku daga huɗu. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta amince ne bisa sharaɗin a zuba fam biliyan 11 wajen inganta sabis, a kuma tsayar wa ƙananan kamfanoni farashin sari na tsawon shekara uku. Idan wa'adin ya cika a 2028, Lebara da iD Mobile za su zauna ciniki da mai gida ɗaya a inda a da suke da biyu.