Abin Taɓawa Kafin A Sauke Tuwo

Jama'a, tsakanin kokon safe da tuwon dare akwai nisa. Yaro ba ya iya jira, haka mai ciki da mai goyo, haka manomin da ya yini bisa kunya. Lalle sai an sami abin taɓawa. Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, kuma abin da ya sa na rubuta wannan takarda shi ne yawan yaran da a ke kawo mini da ruɓaɓɓun haƙora. Kwanan baya wata uwa ta kawo ɗanta mai shekara 5, kumatu a kumbure, bai runtsa ba daren jiya. Ina duba bakinsa, ga biskit a hannunsa na dama, ga alewa a na hagu. Uwar ba ta ƙi ɗanta ba. Abin da ke cikin tirelar bakin hanya ta saya masa, don ta ga shi ne na zamani.

To, ga wani abin mamaki. A Amurka akwai mutanen da suka gaji da irin wannan abinci na kanti, suka koma ga abin da su ke kira faliyo, watau cimar mutanen farko tun ba a san noma ba, fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Masana biyu ne suka ta da zancen a wata jaridar likitoci cikin 1985, sa'an nan wani malami, Loren Cordain, ya wallafa littafi a kai cikin 2002, abin ya bazu. Dokarsu ita ce a ci nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itatuwa, a bar sukari da kayan gwangwani. Har aya su ke saye cikin leda da tsada, ayar nan da 'ya'yanku ke talla.

Amma fa sun ƙara da cewa a bar hatsi da wake da gyaɗa da nono. Nan kam ba na tare da su. Masu tonon kufai sun sami duwatsun niƙa da burbushin hatsin daji na mutanen da suka rayu tun kafin noma. Gero da dawa da wake da nono su ne ginshiƙin gidanku, kowa ya ce ku bar su bai san karkara ba. Abu ɗaya za mu ɗauka daga gare su: abin taɓawa ya zama wanda bai bi ta cikin injin masana'anta ba, ba a kuwa zuba masa sukari ba.

Ga dalili. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce giram 25, watau ƙaramin cokali 6. Kwalbar lemo guda ta kan ƙunshi cokali 8 ko 9. Sukari ya kan manne a haƙori, ƙwayoyin cuta su ci shi, su fid da tsami mai huda haƙorin. Yana kuma kashe wa yaro yunwa ba tare da ya gina jikinsa ba, in an kawo tuwo sai ya ture. Ga manya kuwa, yawansa yana kawo ƙiba, ƙiba tana buɗe wa ciwon sukari ƙofa.

Mafi sauƙin abu shi ne ƙwai. Ku sa na kaza ko na zabuwa cikin tafasasshen ruwa minti 10, har gwaiduwa ta yi tauri, shi ke nan. Na san akwai masu cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ne. Ƙwai yana gina tsoka da jini, kuma yaron da ya cika wata 6 ana iya murmushe masa shi cikin kunu. Maigida, kada ka kai ƙwan gidanka kasuwa duka ka sayo biskit da kuɗin. Ka yi musayar zinariya da ƙasa ke nan.

Daji kuma yana ciyarwa kyauta, kowane lokaci da nasa. Da sanyi ga magarya da kanya da aduwa, da rani ga goruba da taura, da bazara ga ɗorawa da mangwaro, farkon damina ga kaɗanya. Cikin dukansu ina fifita 'ya'yan kuka. Farin garin nan na cikin ƙwarya yana da sinadarin bitamin C fiye da lemun zaƙi nesa ba kusa ba, shi ne mai hana dasashi zub da jini, yana kuma taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ku jiƙa shi cikin ruwan da aka tafasa ya huce, ku tace, ku ba yara. Kada ku dafa shi, zafin wuta yana kashe amfaninsa. Kada kuma ku cika shi da sukari, in ba haka ba kun koma gidan jiya.

Mangwaro da gwanda da karas da dankali mai jan ciki suna kare yara daga dundumi. Dankali kuwa ba shi da wuya: a tura shi cikin tokar murhu sa'ad da a ke girki, kafin a gama ya nuna. Yalo da kokwamba da kankana wanki kawai su ke bukata, amma da ruwa mai tsabta, a kuma yanka a ci nan take. Yankakken abin da ya yini a faranti ƙudaje na sauka, shi ke kawo gudawa.

Aya a jiƙa ta ta kwana, ta fi taushi, ƙasar da ke jikinta kuma ta fita. Gyaɗa dafaffiya ko soyayya tana riƙe cikin manomi har la'asar, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ma haka. Sai dai ku tsince gyaɗa sosai. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, har ya kan kai ga ciwon daji. An gano shi bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila cikin 1960 don cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Suya ba ta kashe wannan dafi. Ku zubar, kada ku ba kaji ko awaki.

Kilishi da busasshen kifi da soyayyar fara duk suna gina jiki, ba su kuwa lalacewa a aljihun matafiyi. Amma mai hawan jini ya yi hattara, gama gishiri ya yi musu yawa, kuma abin da ya halatta ga babba a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba. Fara kuwa, in an yi feshin magani a ƙasarku, kada ku kama ta. Mai ciwon sukari, dabino biyu ko uku sun ishe shi, ya rage rake da zuma.

Iyaye mata, ga gargaɗi uku a gare ku. Jariri bai bukatar kome sai nonon uwa har ya cika wata 6. Kada a lasa masa zuma sai ya shekara. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa kada a ba shi gyaɗa ko aya ko magarya ɗungum, gama ta kan sarƙe shi ta toshe numfashi. A niƙa masa gyaɗar, a dama cikin kunu. In ya ƙware yana kasa numfashi, ku kifa shi bisa cinya, kai ƙasa, ku bubbuga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau 5, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti.