Gidan limamin Epworth: me ya sa dokar Ingila ta hana a taɓa shi?

A garin Epworth da ke yankin Lincolnshire na Ingila akwai wani gidan bene na jan bulo da aka gina a 1709. Ko masu shi ba su da ikon rushe shi ko sauya masa fasali sai da izinin hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu saboda shi.

Asalinsa mazaunin limamin Cocin Ingila ne. A wancan zamani liman kan samu gida da gandun coci da ushirin amfanin gonar jama'a, saboda haka manoma na kallonsa a matsayin wani ɓangare na masu mulki. Samuel Wesley, wanda ya riƙe limancin garin har rasuwarsa a 1735, bai sha da daɗi a hannunsu ba. Ra'ayinsa na siyasa ya saɓa da na mutane da dama a yankin, an sassari shanunsa, kuma a 1705 an tsare shi a kurkukun Lincoln saboda bashi.

A watan Fabrairun 1709 gobara ta cinye tsohon gidan, wanda na katako ne mai rufin ciyawa. Ta taga aka ciro ɗansa John yana da shekara 5. Wannan yaro ne ya girma ya kafa ɗarikar Metodis tare da ƙaninsa Charles, ɗarikar da ta iso Badagry a 1842.

Sabon ginin ya bi salon zamanin Sarauniya Anne. An yi shi da bulo, wanda wuta ba ta ci kamar katako, tagoginsa suna jere daidai wa daida a hawa biyu, ga ɗakuna a ƙarƙashin rufi. A garin manoma, girman gidan kaɗai ya isa ya nuna matsayin mai zama cikinsa. A cikinsa ne matar liman, Susanna, ta koyar da 'ya'yanta karatu, ta kuma riƙa tara maƙwabta a ɗakin girki ranar Lahadi idan mijinta ya yi tafiya.

A ƙarni na 20 Cocin Ingila ta sayar da ɗimbin irin waɗannan gidaje, domin kula da su ya fi ƙarfin limamai, akasarinsu suka koma hannun masu kuɗi. Na Epworth kuwa 'yan Metodis ne suka saye shi a 1954, suka buɗe shi ga masu ziyara a 1957.

Kariyarsa ta samo tushe ne daga tsarin rajistar gine-ginen tarihi da dokar tsara birane ta 1947 ta ƙarfafa. Gidan yana mataki na ɗaya, wanda kusan kashi 2.5 cikin ɗari kawai na gine-ginen da ke rajistar suke kai. Sai dai rajistar ba ta zuwa da kuɗin gyara kai tsaye. Doka ta hana rushewa, amma ɗinke rufi da gyaran bango suna wuyan masu gidan, waɗanda ke dogara da kuɗin shiga da gudummawar jama'a.