Dashen ciki: Abin da ya kamata ma'aurata su sani kafin a jinginar da gona

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Bichi da Minjibir, inda gona ke maƙwabtaka da gona babu saurar da aka bari, ɗa yana nufin hannu a gandu da kuma magajin fili. Shi ya sa idan aure ya shekara uku ko huɗu shiru, maganar ba ta tsayawa a ɗakin ma'aurata. Dangin miji sukan fara zancen kishiya, matar kuma ta shiga zagayen masu magani. Daga ƙarshe akan zo birni wurin ɗan'uwa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da tambaya guda: an ce akwai dashen ciki a asibiti, mu jinginar da gona mu gwada? Kafin a ba da amsa, ya kamata a san mene ne aikin, wa yake yi wa amfani, kuma ina iyakarsa.

Mene ne dashen ciki?

Aikin da likitoci ke kira IVF shi ne a ɗebo ƙwai daga jikin mace, a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje, idan ya zama ɗan tayi a mayar da shi mahaifarta ya ci gaba da girma kamar kowane ciki. Jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya ita ce Louise Brown, wadda aka haifa ranar 25 ga Yulin 1978 a garin Oldham na Ingila, ta hannun Dakta Patrick Steptoe da Farfesa Robert Edwards. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka share fagen aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980, sannan a 1998 aka haifi wata yarinya ta wannan hanya a asibitin Nisa Premier da ke Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. A yau Babban Asibitin Ƙasa na Abuja yana da sashen wannan aiki, haka ma wasu asibitoci masu zaman kansu a manyan birane.

A fara da bincike, kuma da mijin

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran matsala rashin haihuwa idan ma'aurata suka shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai samu ba. A rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar hakan a wani lokaci na rayuwarsa. Idan matar ta haura shekara 35, likitoci kan so a zo bayan wata shida.

A al'adarmu laifin yakan faɗa kan mace, har a kira ta juya, alhali a kusan rabin ma'auratan da ke fama da matsalar akwai hannun namiji a ciki. Gwajin maniyyi yana cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi da arha, kuma ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna lafiyar ƙwayoyinsa. Mutumin da ya taɓa haihuwa shekara goma da suka wuce ma yana iya samun matsala daga baya.

A ɓangaren mata, toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa na cikin manyan dalilai a wannan yanki. Takan biyo bayan ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan haihuwa ko ɓari. A garuruwan da ke noman rani kusa da madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai da Tomas a Ɗambatta, ya dace a gaya wa likita idan an taɓa yin tsargiya, domin tana iya taɓa hanyoyin haihuwa na mace da na namiji.

Ana iya fara ganin likita a babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, daga nan a tura mutum Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ma'aurata da dama ba sa buƙatar dashe: wata maganin da zai sa ta saki ƙwai ya ishe ta, wata kuma tiyatar cire ƙari daga mahaifa. Dashe ya fi dacewa da wadda bututunta biyu suka toshe, da mijin da ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci ƙwarai, da waɗanda sauran magunguna suka gaza musu.

Yadda aikin ke gudana

Da farko matar za ta riƙa karɓar allura kullum, kimanin kwana 8 zuwa 14, don ƙwai da yawa su nuna lokaci guda. A tsakanin nan ana duba ta da na'urar hoton ciki duk bayan kwana biyu ko uku. Idan ƙwan sun kai, sai a yi allurar ƙarshe, bayan kimanin awa 36 a zuƙo su da siririyar allura tana cikin barcin magani. A ranar ne mijin ke ba da maniyyinsa. Idan ƙwayoyinsa ba su da yawa, akan ɗauki guda a tura ta cikin ƙwan kai tsaye, dabarar da aka fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da ɗan tayi mahaifa, sai a jira kusan mako biyu a gwada jini.

Ga mutumin karkara wannan jadawali yana da nauyi. Wasu alluran sai an ajiye su a firji, kuma kuskuren awa a allurar ƙarshe na iya ɓata zagayen baki ɗaya. Saboda haka ya fi kyau matar ta samu masauki kusa da asibitin na kusan mako uku, a kuma tsara aikin bayan kaka, lokacin da noma da shuka ba za su raba hankalin mijin ba. A nan ne gudummawar ɗan'uwan birni, ta ɗaki da abinci da mota, take da daraja kamar ta kuɗi.

Nasara da haɗari

Shekarun mace ne suka fi komai tasiri. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan aikin a Birtaniya sun nuna cewa ga mata 'yan ƙasa da shekara 35, kusan dashe ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa, ga masu shekara 43 zuwa 44 kuwa, kusan biyar cikin ɗari. Ke nan ko ga ƙuruciya, rashin dacewa a karon farko ya fi dacewa yawa. Zagaye guda yana cin miliyoyin naira, inshorar lafiya kuma yawanci ba ta biya. Wanda ya sayar da gonar gado don zagaye ɗaya yana iya tashi babu ɗan babu gonar.

Alluran kan sa wasu mata kumburin ciki mai tsanani da ke buƙatar kwanciya a asibiti. Dasa 'yan tayi uku ko huɗu don neman tagwaye yana jawo haihuwar bakwaini da hawan jinin masu ciki, abin da ya fi haɗari ga wadda za ta koma ƙauye nesa da asibiti.

Matsayin malamai

A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccin aikin idan ƙwan matar ne da maniyyin mijinta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi a kan haka a zamanta na Amman a 1986. Sharaɗin shi ne igiyar aure tana nan, kuma a mayar da ɗan tayin cikin matar da ta ba da ƙwan. Karɓar maniyyi ko ƙwan wani, da aron mahaifa, majalisar ta haramta su saboda kiyaye nasaba.

Tambayoyi kafin biyan kuɗi

A nemi jimillar kuɗi a rubuce, har da na allurai da gwaje-gwaje da ajiyar 'yan tayin da suka rage. A tambayi asibitin jarirai nawa aka haifa da rai ga mata masu shekarun matar, domin samun ciki daban, haihuwa daban. A tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, a kuma ji yadda suke kiyaye kada a cakuɗa ƙwayoyin mutane. Duk wanda ya ba da tabbacin haihuwa ɗari bisa ɗari, ko ya ce akwai cikin da na'ura ba ta gani, a guje shi.

Sannan miji da mata su zauna tun kafin allurar farko su yanke sau nawa za su gwada, da abin da ba za su sayar ba ko mene ne sakamakon. Mai nema yana tare da samu, amma idan Allah bai nufa ba a karon farko, kada a ɗora wa matar laifin da ba nata ba.