Kwaɗon Sri Lanka da ya sake bayyana bayan ɓacewar fiye da ƙarni guda

A tsibirin Sri Lanka da ke kudu maso gabashin Indiya, akwai wani ƙaramin dangin kwaɗi da masana ke kira Adenomus, wanda ba a samun sa ko'ina a duniya sai can. Iri biyu kacal gare shi: kwaɗon Kelaart da kwaɗon Kandy.

Masanin dabbobi Albert Günther ne ya fara bayanin kwaɗon Kandy a 1872. Daga bisani aka shafe fiye da ƙarni guda babu wanda ya sake sa shi a ido, har hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa shi cikin waɗanda suka ƙare.

Sai a 2009 wasu masu bincike 'yan ƙasar suka ci karo da shi a gandun dajin Peak Wilderness, inda yake rayuwa a bakin ƙoramu masu saurin gudu a kan tsaunuka. An wallafa sakamakon binciken a 2012.

Duk da haka, tsugune ba ta ƙare ba. Tun zamanin mulkin Birtaniya aka sare yawancin dazuzzukan tsaunukan ƙasar domin noman kofi da shayi, kuma Sri Lanka na sahun gaba a yawan kwaɗin da aka ayyana sun ƙare. Halittar da duk mazauninta bai wuce 'yan ƙoramu ba, gurɓacewar ruwa ko sare daji kaɗan ya isa ya shafe ta daga doron ƙasa.