Dafin Kibiya da Ya Zama Maganin Zuciya

Wabayin sinadari ne da ake samu a 'ya'yan wata kuranga, 'yar'uwar kwankwani, tsiron da maharban Borgu, daga Illo ta ƙasar Bagudo har cikin Jamhuriyar Binin, suka daɗe suna dafa dafin kibiya da shi. Wani Bafaranshe mai suna Arnaud ne ya tace wabayin a 1888.

Sinadarin yakan toshe famfon da ke fitar da sodiyam daga ƙwayoyin tsokar zuciya, sai kalsiyam ya taru, zuciya ta matsa da ƙarfi. Shi ya sa likitoci suka riƙa yi wa masu raunin zuciya allurarsa ta jijiya. Amma in ya ɗara kima kaɗan, sai amai, bugun zuciya ya rikice, har ta tsaya cak. Yanzu wani magani mai suna digoksin aka fi amfani da shi a madadinsa.